Magada uku, gado ɗaya: zaɓen fidda gwani na masu ra'ayin riƙau a Faransa, 2016

A daren Lahadi 27 ga watan Nuwamba na shekarar 2016, kusan duk mai bin siyasar Faransa ya ɗauka cewa an riga an san sunan shugaban ƙasa na gaba. François Fillon ya lashe zaɓen fidda gwani na ɓangaren dama da na tsakiya da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, a wani zaɓe da mutane fiye da miliyan 4 suka fito. Shugaba mai ci, François Hollande, farin jininsa ya zube ƙwarai, har ta kai kwana huɗu bayan haka ya sanar da cewa ba zai nemi wa'adi na biyu ba. Amma wata biyar da wannan dare, ranar 23 ga Afrilun 2017, Fillon ya zo na uku, kuma a karo na farko tun 1965 aka shiga zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa babu ɗan takarar babban gidan ƴan dama. Labarin ya cancanci a waiwaye shi, domin tambayar da ke cikinsa tana jiran kowace jam'iyya: idan manya da yawa na gida ɗaya suka ɗora ido bisa kujera ɗaya, wa zai raba gardama, kuma da wane ma'auni?

Dama iri uku

Kalmomin «dama» da «hagu» sun shigo siyasa ne a 1789, a zauren majalisar juyin juya halin Faransa, lokacin da masu son sarki ya riƙe ikon ƙin sa hannu ga doka suka zauna hannun dama na shugaban zama, masu adawa da haka suka zauna hagu. Tun daga nan ake kiran masu son kiyaye tsari, da dukiya, da al'ada, ƴan dama ko masu ra'ayin riƙau. Sai dai ba su taɓa zama tsintsiya mai maɗauri ɗaya ba. Masanin tarihi René Rémond, cikin littafin da ya wallafa a 1954, ya nuna cewa zuriya uku ce ke zaune ƙarƙashin wannan inuwa. Ta farko ita ce ta waɗanda ba su taɓa yarda da juyin juya hali ba, masu riƙo da coci, da iyali, da ƙasar noma. Ta biyu ta samo asali daga mulkin sarki Louis-Philippe na 1830 zuwa 1848: mutanen kasuwa da majalisa, masu son sassauci da daidaitawa. Ta uku ita ce ta gidan Bonaparte, mai son jagora ɗaya mai ƙarfi wanda ke magana da talakawa kai tsaye, da gwamnati mai kwarjini, da ɗaukakar ƙasa. Cikin wannan zuriya ce Rémond ya sanya Janar de Gaulle da mabiyansa.

Zuriyoyin nan uku sukan haɗu idan abokin gaba ya taso daga hagu, su watse da zarar an zo rabon mulki. Tsarin zaɓe kuma ya ƙara rura wutar. Tun ƙuri'ar raba gardama ta 1962, al'umma ce ke zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye cikin zagaye biyu, tsarin da mutanen Nijar suka san irinsa sarai. Saboda haka ƴan dama suka saba da tura mutum biyu ko fiye zuwa zagayen farko, su bar akwatin zaɓe ya tace musu gwani.

Shekaru arba'in na faɗan ƴan uwa

Wannan al'ada ta bar tabo mai yawa. Da shugaba Georges Pompidou ya rasu a Afrilun 1974, ɗan takarar mabiya de Gaulle shi ne Jacques Chaban-Delmas, magajin garin Bordeaux. Sai Jacques Chirac, wanda ke cikin gida ɗaya da shi, ya ja ƴan majalisa da ministoci 43 suka juya masa baya, abin da ya share wa Valéry Giscard d'Estaing hanya. Giscard ya saka wa Chirac da kujerar firaminista, amma zaman bai yi daɗi ba: Chirac ya ajiye aiki a Agustan 1976, ya kafa jam'iyyar RPR a Disamba. A 1981 ya tsaya takara gaban Giscard, ya sha kaye a zagayen farko, sannan ya ba shi goyon baya na fatar baki kawai. François Mitterrand na gurguzu ya ci zaɓe. A 1988 Chirac da Raymond Barre suka raba ƙuri'un dama, Mitterrand ya sake komawa. Wannan kaye biyu ne ya sa Charles Pasqua ya kawo shawarar a riƙa fidda ɗan takara ɗaya tun kafin zaɓe. An sa hannu bisa yarjejeniya a 1991, amma ba a taɓa aiki da ita ba.

A 1995 faɗan ya shiga har cikin ɗaki, tsakanin Chirac da tsohon amininsa Édouard Balladur, wanda yake firaminista a lokacin. Chirac ya sami kusan kashi 21 cikin 100, Balladur ya sami ƙasa da 19. A wannan yaƙi ne manyan da za su kara a 2016 suka fara shan bamban: Alain Juppé ya tsaya da Chirac, Nicolas Sarkozy da Fillon suka bi Balladur. Girgizar 2002, lokacin da Jean-Marie Le Pen ya kai zagaye na biyu, ita ta tilasta wa gidajen dama haɗewa cikin jam'iyya ɗaya, UMP, Juppé ya zama shugabanta na farko. Shi aka yi wa tanadin gado, sai kotu ta same shi da laifi a 2004 cikin shari'ar ma'aikatan bogi na ma'aikatar magajin garin Paris, ta yanke masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka tare da hana shi takara na shekara ɗaya. Ya tafi koyarwa Kanada, Sarkozy ya karɓe jam'iyya. A Janairun 2007 mambobi suka tsayar da Sarkozy shi kaɗai, babu abokin karawa, ya kuma ci zaɓe a Mayu.

Yadda aka buɗe ƙofa

Abubuwa uku suka sa ƴan dama suka rungumi tsarin da suka daɗe suna kallo a matsayin baƙon abu daga Amurka. Na farko shi ne misalin abokan hamayya: a Oktoban 2011 jam'iyyar gurguzu ta buɗe zaɓen ɗan takararta ga duk ɗan ƙasa, mutane kusan miliyan 3 suka fito, kuma wanda suka zaɓa, Hollande, ya kayar da Sarkozy a Mayun 2012. Na biyu shi ne abin kunyar Nuwamban 2012, sa'ad da Fillon da Jean-François Copé suka nemi shugabancin UMP, kowa ya yi shelar nasara a dare ɗaya, hukumar zaɓen jam'iyya ta ba Copé da ratar ƙuri'a 98, aka yi ta zargin maguɗi, har Fillon ya kafa rukuninsa dabam a majalisar dokoki na ɗan lokaci. Daga nan babu wani babba da ya sake amincewa da ƙidayar cikin gida. Na uku shi ne ƙarfin jam'iyyar Marine Le Pen: tunda ana ganin kujera ɗaya ta zagaye na biyu ta zama tata, tura mutum biyu zuwa zagayen farko ya zama caca da ran jam'iyya.

Sarkozy ya dawo fagen siyasa a 2014, ya sake karɓar jam'iyya, ya canza mata suna zuwa Les Républicains a Mayun 2015. Ya san mambobi masu kati nasa ne. Abokan hamayyarsa ma sun sani, shi ya sa suka dage sai an buɗe ƙofa ga kowa. Ƙa'idar da aka tsayar mai sauƙi ce: duk wanda sunansa ke cikin rajistar zaɓe yana iya zuwa, ya biya yuro 2 a kowane zagaye, wato kimanin sefa 1300, ya sa hannu bisa takardar da ke cewa ya yarda da aƙidun dama da na tsakiya. An buɗe rumfuna fiye da dubu 10, aka ɗora sa ido bisa wata hukuma mai zaman kanta ƙarƙashin malamar shari'a Anne Levade. Ɗan takara daga cikin jam'iyya kuwa sai ya kawo sa hannun zaɓaɓɓu 250, ciki har da ƴan majalisa 20, da na mambobi 2500. Mutum bakwai suka shiga fage: Juppé, Sarkozy, Fillon, Copé, Bruno Le Maire, Nathalie Kosciusko-Morizet wadda ita kaɗai ce mace, da Jean-Frédéric Poisson na ƙaramar jam'iyyar Kiristoci ƴan dimokuraɗiyya.

Manyan uku

Mutanen uku da ke kan gaba sun san juna ciki da bai. A 2011 Sarkozy ne shugaban ƙasa, Fillon firaministansa, Juppé ministan harkokin waje. Juppé ne ya je kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 17 ga Maris ya kare ƙudurin da ya buɗe hanyar kai hari Libiya, yaƙin da ƙasashen Sahel suka sha ɗacin abin da ya biyo bayansa. A fannin tattalin arziki ma bambancinsu na awo ne: dukansu suna son rage kashe kuɗin gwamnati, da rage ma'aikata, da ɗaga shekarun ritaya, da soke harajin masu dukiya. Inda suka rabu shi ne hali, da murya, da irin amsar da kowa ke bai wa ƙasar da ke cikin firgici bayan hare-haren Paris na 13 ga Nuwamban 2015, da suka kashe mutum 130, da na Nice na 14 ga Yulin 2016, da ya kashe 86.

Juppé, mai shekara 71, magajin garin Bordeaux, wanda ya fara da karatun adabin Girka da Latin kafin ya shiga aikin mulki, ya gabatar da kansa a matsayin dattijo mai haɗa kan jama'a. Ya yi alkawarin wa'adi ɗaya tak, ya ce Faransa na iya zama lafiya da bambancin asali da addinin ƴaƴanta. Kusan shekara biyu yana kan gaba cikin binciken jin ra'ayin jama'a. Amma abin da ya sa ƴan tsakiya da wasu ƴan hagu suke ƙaunarsa shi ne ya sa ƴan gida suke zarginsa: goyon bayan François Bayrou, wanda ya zaɓi Hollande a 2012, ya zame masa kaya, kuma masu tsananin ƙyamar Musulmi suka laƙaba masa suna «Ali Juppé» a intanet don su nuna shi a matsayin mai sassauci ga masu kaifin kishin addini.

Sarkozy, mai shekara 61, lauya, wanda malaman Afirka ba su manta da jawabinsa na Dakar na Yulin 2007 ba, ya gina yaƙinsa bisa batun asali da tsaro: dakatar da shigo da iyalan baƙi, hana lulluɓi a jami'a, daina ba yara wani abinci a madadin naman alade a makarantun gwamnati. A Satumba ya ce duk wanda ya zama Bafaranshe, kakanninsa sun zama Golawan da. Yana da magoya baya masu zafi, yana kuma da maƙiya masu yawa, ga shari'o'i na bin sa a baya.

Fillon, mai shekara 62, ɗan jihar Sarthe, ya shiga majalisa tun yana da shekara 27, ya riƙe ma'aikatar ilimi daga 2004 zuwa 2005, ya yi shekara biyar cur yana firaminista. Shirinsa ya fi na kowa tsauri: rage kujerun ma'aikatan gwamnati dubu 500, tsuke kashe kuɗi da yuro biliyan 100 cikin shekara biyar, kawar da dokar aikin awa 35 a mako, kai ritaya shekara 65, ƙara harajin saye da maki biyu. Ya haɗa wannan da riƙo da al'ada: bai ɓoye cewa shi ɗan Katolika ne mai zuwa coci ba, kuma ƙungiyar Sens commun, wadda ta fito daga zanga-zangar adawa da dokar auren jinsi ta 2013, ta mara masa baya. Ya nemi a sake rubuta manhajar tarihi ta makarantu ta zama labarin ƙasa mai sa alfahari, har ya ce Faransa ba ta da laifi don ta so raba al'adarta da wasu al'ummu, maganar da ta ɓata ran mutane da dama a ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka. Babban jarinsa dai shi ne sunan mutum mai tsabta. Ranar 28 ga Agustan 2016, a garin Sablé, ya jefa tambayar da kowa ya gane da Sarkozy yake: wa zai iya tunanin Janar de Gaulle yana gaban alƙali ana tuhumarsa?

Masu sharhi da yawa sun ga zuriyoyin Rémond uku cikin waɗannan mutane: Juppé na masu daidaitawa, Sarkozy na jagora mai ƙarfi, Fillon na coci da karkara. Kwatancin yana da amfani, ko da yake bai cika daidai ba, tunda dukansu daga RPR suka taso, kuma Fillon ya auri ra'ayin kasuwa na zuriya ta biyu da ɗabi'un ta farko.

Lissafin mai ƙuri'a

Mai ra'ayin riƙau da ya nufi rumfar zaɓe a Nuwamba yana ɗauke da tambaya uku: wa ya fi kusa da abin da na yi imani da shi, wa zai iya cin babban zaɓe, kuma wa za a iya ba amana. A zaɓe irin na kullum, tambaya ta biyu takan rinjayi ta farko, mutane su haƙura da wanda suke so su ɗauki wanda zai ci. Amma a 2016 binciken ra'ayi yana nuna cewa duk wanda dama ta tsayar zai kai zagaye na biyu ya kayar da Marine Le Pen. Da tsoron faɗuwa ya kau, sai hujjar Juppé mafi ƙarfi ta rasa nauyi, mutane suka ga babu dalilin sayen rabin abin da suke so alhali cikakkensa na kasuwa. Tambaya ta uku kuma ta yi wa Sarkozy illa: kwana biyar kafin zaɓe, ɗan kasuwa Ziad Takieddine ya shaida wa jaridar Mediapart cewa ya taɓa kai jakunkunan kuɗi daga Libiya zuwa ma'aikatar cikin gida lokacin da Sarkozy ke riƙe da ita, zargin da shi Sarkozy ya ƙaryata da fushi a mahawarar talabijin ta 17 ga Nuwamba.

Har tsakiyar Oktoba, Fillon yana can na uku ko na huɗu, da ɗan abin da ya haura kashi 10. Mahawara uku da aka yi a talabijin, ranakun 13 ga Oktoba, 3 da 17 ga Nuwamba, su suka sauya lissafi. Yayin da sauran ke sa-in-sa, shi ya tsaya cikin natsuwa yana zayyana shirinsa. Waɗanda suka gaji da Sarkozy amma suke ganin Juppé ya yi laushi suka gano cewa akwai hanya ta uku, kuma da alƙaluma suka fara nuna yana hawa, sai masu jiran ganin inda iska ta nufa suka biyo. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa: ranar 20 ga Nuwamba Fillon ya sami kashi 44, Juppé kusan 29, Sarkozy kusan 21. Sauran huɗun babu wanda ya kai kashi 3. Copé, wanda ya riƙe jam'iyya shekara huɗu kafin nan, bai sami ko rabin kashi ɗaya ba. Cibiyoyin bincike sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 na waɗanda suka fito ƴan hagu ne, da yawansu sun biya yuro 2 ne don kawai su tare wa Sarkozy hanya.

A daren nan Sarkozy ya amsa kaye, ya ce Fillon zai zaɓa. Le Maire ma haka. Juppé ya yi mako guda yana kai hari, yana cewa shirin abokin karawarsa zai yi wa talaka tsanani, yana neman ya fayyace matsayinsa kan zubar da ciki da kan kusancinsa da Rasha. Ya makara. Ranar 27 ga wata Fillon ya tashi da ƙuri'u kusan miliyan 3.

Daga Janairu zuwa Afrilu

Rauni na farko ya bayyana tun kafin wata badaƙala. Waɗanda suka fito zaɓen fidda gwani ba su kai kashi ɗaya cikin goma na masu rajista miliyan 47 ba, kuma tsofaffi, da masu ritaya, da masu abin hannu sun fi yawa cikinsu. Shirin da ya burge su ya tsorata ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi, musamman shawarar taƙaita inshorar lafiya ta gwamnati ga manyan cututtuka, wadda tun cikin Disamba Fillon ya fara ja da baya a kanta. Faɗuwar Juppé kuma ta bar fili a tsakiya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: Emmanuel Macron, tsohon ministan Hollande, wanda ya ƙi shiga zaɓen fidda gwani na kowa, ya riga ya bayyana takararsa tun 16 ga Nuwamba.

Ranar 25 ga Janairun 2017 jaridar Le Canard enchaîné ta buga cewa matar Fillon, Penelope, ta yi shekaru tana karɓar albashin mai taimaka wa ɗan majalisa, kimanin yuro dubu 500, ba tare da an ga alamar aikin ba; mako guda bayan haka jaridar ta ɗaga adadin ya haura dubu 800. Masu gabatar da ƙara suka buɗe bincike a ranar. Washegari Fillon ya faɗa a talabijin cewa abu ɗaya ne zai hana shi takara, wato idan alƙali ya tuhume shi a hukumance. Ranar 1 ga Maris ya sanar da cewa an kira shi don tuhumar, ya kuma ce ba zai janye ba. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere: tambayar da ya yi a Sablé ta dawo kansa. Le Maire ya fice a ranar, kakakinsa Thierry Solère, wanda shi ya shirya zaɓen fidda gwanin, ya bi baya, daraktan yaƙin neman zaɓensa ma ya ajiye aiki. Cikin Maris kuma aka gano cewa lauya Robert Bourgi, sananne cikin hulɗar bayan fage tsakanin Paris da fadojin shugabannin Afirka, ya saya masa kwat masu tsada.

A nan ne babban giɓin tsarin ya fito fili. Ƙa'idojin sun tanadi yadda za a naɗa ɗan takara, ba su tanadi yadda za a sauke shi ba. A zamanin da shugabannin jam'iyya ke naɗi, su ne ke iya warwarewa. Yanzu kuwa Fillon yana amsa wa duk mai neman ya janye cewa mutane miliyoyi ne suka ɗora shi, wani kwamiti ba ya sauke shi. Rarar kuɗin da aka tara a rumfuna ma asusun yaƙinsa ta shiga. Manyan gidan kuma sun kasa haɗuwa bisa magaji, domin mutanen Sarkozy ba su son Juppé. Ranar 5 ga Maris Fillon ya tara dubban magoya baya a dandalin Trocadéro cikin ruwan sama; washegari Juppé ya faɗa daga Bordeaux cewa ba zai tsaya ba, kwamitin siyasa na jam'iyya ya sabunta mubaya'a. An tuhumi Fillon ranar 14 ga Maris. Ranar 23 ga Afrilu Macron ya sami kashi 24, Marine Le Pen 21, Fillon 20. Ƙuri'un da suka raba shi da zagaye na biyu ba su kai dubu 500 ba.

Abin da ya biyo baya

Macron ya ɗauko firaministansa, Édouard Philippe, daga cikin na hannun daman Juppé, ya ba Le Maire ma'aikatar tattalin arziki, ya ba Gérald Darmanin, na gidan Sarkozy, ta kasafin kuɗi. Jam'iyyar gurguzu ta sha irin wannan ƙaddara: Benoît Hamon, wanda ya ci nata zaɓen fidda gwani a Janairun 2017, ya tashi da kashi 6, bayan Manuel Valls da ya kayar ya karya alkawarin mara masa baya. Ƴan Les Républicains suka ɗora laifi bisa buɗe ƙofa, suka mayar da zaɓe hannun masu kati kaɗai. A Disamban 2021 mambobi kimanin dubu 140 aka kira, suka fifita Valérie Pécresse bisa Éric Ciotti; a Afrilun 2022 ba ta kai kashi 5 ba, adadin da sai an kai shi gwamnati ke mayar wa ɗan takara kaso mai tsoka na kuɗin yaƙin neman zaɓe. A 2024 Ciotti, yana shugaban jam'iyya, ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar Le Pen, gidan ya sake tsagewa. Kotu ta sami Fillon da laifi a 2020, kotun ƙoli ta tabbatar da laifin a 2024. An naɗa Juppé a majalisar tsarin mulki a 2019. Sarkozy kuwa, a Satumban 2025 kotun farko ta yanke masa ɗaurin shekara biyar cikin shari'ar kuɗin Libiya, ya ɗaukaka ƙara.

Ba adalci ba ne a ɗora wa zaɓen 2016 dukan wannan. An yi shi cikin tsabta, babu wanda ya yi kukan maguɗi, waɗanda suka faɗi sun amsa kaye a daren, kuma ya hana maimaita 1981 da 1995, tunda mutum ɗaya dama ta tura. Rufe ƙofar da aka yi a 2021 ma bai haifar da sakamako mafi kyau ba. Abin da tarihin ya nuna shi ne iyakar abin da irin wannan zaɓe ke iya yi. Yana auna son ran waɗanda suka fito, waɗanda galibi su ne mafi zafin aƙida, alhali hukunci na ƙarshe yana hannun jama'ar da ta ninka su sau goma. Yana auna iya magana da kyan shiri, amma mahawara huɗu a talabijin ba su tono abin da jarida ɗaya ta tono cikin mako guda ba, domin babu wata hukuma ta jam'iyya da aka ɗora wa binciken ƴan takara kafin a kai su gaban jama'a. Kuma yana ba wanda ya ci wani ƙarfi da ya fi na jam'iyyar da ta shirya shi. Masu ƙuri'ar Nuwamba sun zaɓi Fillon ne musamman saboda sun ɗauke shi mai amana, kuma a wannan ma'aunin ne suka fi ƙarancin abin dogaro, tunda ba su da wata shaida sai maganarsa da shekarun da ya yi ba a ji shi cikin shari'a ba. Da aka gano gaskiya a Janairu, saura wata uku a yi zaɓe, kuma babu wani sashe cikin ƙa'idojin da ya faɗi wanda ke da ikon kiran mutane miliyan 4 su sake zama.